Kanwa Ta Kar Tsami: Darasi a Kan Ayon 'Yan Kallo

Hausawa suna cewa kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Wanda ya fara yin wannan magana bai taɓa taka ɗakin gwaje-gwaje ba, amma ya tattara babi guda na ilmin sinadarai cikin kalmomi bakwai. Iyayenmu mata a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa suna maimaita gwajin kusan kowace rana. Idan yakuwa ta cika miya da tsami, sai a jiƙa 'yar kanwa, a tsiyaya ruwanta a tukunya, miya ta taso da kumfa ta lafa, tsami ya ɓace. To, mene ne a cikin kanwar ya kashe tsamin? Sauran abin da ke cikinta kuma, wanda bai yi kisan ba, ina ya nufa?

Tambaya ta biyun ce muke so mu bi a wannan darasi. 'Yan aji biyu da na uku na babbar sakandare za su gamu da ita a jarrabawar WAEC da ta NECO, inda akan ce a rubuta lissafin ayon na haɗuwar asid da alkali. Mun ga yara masu ƙoƙari suna zubar da maki a nan, ba don komi ba sai don sun haddace amsa ba su san dalilinta ba. Iyayenmu kuma da 'yan'uwa na ikkilisiya waɗanda wannan littafi zai shiga hannunsu, muna roƙo kada ganin haruffa da lambobi ya sa ku juya shafi. Maganar za ta iso gona, za ta kuma iso kan kunun mai jego.

Asid, alkali da ayon

Asid shi ne abin da harshe ke ji da tsami. Akwai shi a tsamiya, da lemun tsami, da nono, da zoɓo. Akwai kuma masu ƙarfi waɗanda ba a ɗanɗana su ko da wasa, kamar ruwan batirin mota, wanda ke cin tufa ya ƙone fata. Kishiyarsa kuwa alkali ne: ruwan kanwa, ruwan toka, da sodar da mata ke yin sabulu da ita. Alamarsa santsi a tsakanin yatsu. 'Yan aji ɗaya kan yi dariya ran da suka fara jin kalmar, suna tsammani alƙalin kotu ake nufi. Ba shi ba ne, ko da yake duka biyun daga Larabci suka fito. Namu ya samo asali daga sunan da Larabawa suka ba tokar wani tsiro da suke dafa sabulu da ita. Ashe sunan da masana na duniya duka ke faɗi, tushensa toka ce, irin wadda ke jibge bayan murhun kowane gida. Littattafanku sun bambanta bes da alkali, wato alkali shi ne bes ɗin da ke narkewa a ruwa. Tun da yake aikinmu duka cikin ruwa ne, alkali za mu riƙa cewa.

Yanzu mu ɗauki gishirin miya. Sunansa a littafi sodiyam kuloraid, NaCl. Idan aka zuba shi a ruwa aka motsa, ido yana ganin ya ɓace. Abin da ya faru shi ne ya rabu gida biyu, kowane ɓangare yana yawo shi kaɗai a tsakanin ƙwayoyin ruwa. Ɗaya sodiyam ne mai ɗauke da cajin lantarki na alamar tarawa, Na⁺, ɗayan kuma kuloraid mai alamar ɗebewa, Cl⁻. Alamun nan biyu su ne kuke gani a kan batirin tocila. Irin wannan ƙwaya mai caji ita ake kira ayon. Michael Faraday na Ingila ya shigo da kalmar a 1834, daga Helenanci, ma'anarta mai tafiya, gama ya lura suna tafiya zuwa ga waya idan an sa lantarki a cikin ruwan.

Wanda ya ce narkewa kaɗai ta isa ta raba gishiri, ba sai an sa lantarki ba, shi ne Svante Arrhenius, mutumin Suwidin. A 1884 ya gabatar da kundin digirinsa a jami'ar Uppsala, malamansa suka ba shi maki na ƙasa-ƙasa. A 1887 ya fito da maganar sarai, manya da yawa suka ƙi ta. Ba kuwa su rasa hujja ba. Sodiyam ƙarfe ne da ke tafasa, har ya kama da wuta, idan ya taɓa ruwa. Kulorin iska ce mai guba. Yaya za a ce suna yawo sake a cikin ruwan gishirin da muke sha a miya? Amsar ita ce ayon daban ne da atam ɗin da ya fito daga gare shi. Sodiyam ya riga ya ba da elektron ɗayan da ke sa shi zafin rai, kulorin kuma ya riga ya karɓi ɗayan da yake nema, saboda haka duka biyun sun natsu, ba su da sauran buƙata. Ku riƙe wannan natsuwa, domin ita ce asirin darasin. A 1903 aka ba Arrhenius kyautar Nobel a kan maganar da aka rena.

A bisa koyarwarsa, asid shi ne abin da ke sakin ayon na haidirojin, H⁺, a cikin ruwa. Alkali kuma shi ne mai kawo ayon na haidiroksaid, OH⁻.

Ango, amarya da 'yan rakiya

Ga gwajin da kowane ɗalibi ya sani. An ɗebi sodiyam haidiroksaid, wato sodar sabulu da aka narkar, an zuba a kwalba, ana ɗiga mata asid na haidirokulorik daga buret har manuni ya sake launi. Mukan rubuta a allo:

HCl + NaOH → NaCl + H₂O

Lissafin daidai ne, amma yana ɓoye wani abu. Wanda ya karanta shi zai zaci sodiyam ya je ya rungumi kuloraid sun zama gishiri a cikin kwalbar. Bai faru ba. Asid ɗin ya riga ya rabu tun a cikin buret, sodar ta rabu tun a kwalba, gishirin kuma da muka rubuta a dama, mun riga mun ga ba ya zama a haɗe cikin ruwa. Idan muka rubuta kowa yadda yake da gaske, ga abin da za mu samu:

H⁺ + Cl⁻ + Na⁺ + OH⁻ → Na⁺ + Cl⁻ + H₂O

Ku duba hagu, ku duba dama. Na⁺ yana nan yadda ya shigo. Cl⁻ ma haka. Ba su ba da komi ba, ba su karɓi komi ba. Su ne ayon 'yan kallo. Idan muka soke su a kowane gefe, abin da ya rage shi ne ainihin abin da ya auku:

H⁺ + OH⁻ → H₂O

Ruwa kawai aka yi. Dalilin da ya sa waɗannan biyun ba su iya zama kusa da juna a rabe shi ne ruwa yana riƙe kansa ƙwarai. A ruwa mai tsabta, ƙwaya ɗaya ce tak cikin kimanin miliyan 555 take a rabe a kowane lokaci. Da zarar H⁺ ya gamu da OH⁻, sai su haɗe.

Wani zai ce, idan ba su yin komi, don me aka zo da su? Ku tuna da biki. Ango da amarya kaɗai aka ɗaura wa aure, amma amarya ba ta fita daga gidansu ita kaɗai, ango ma yana da abokansa. Haka yake a nan, sai dai dokar ta fi ta biki tsanani. Ba wanda ya taɓa cika kwalba da H⁺ zalla, gama caji iri ɗaya yana ture juna. Kowane caji na tarawa tilas ya kasance da na ɗebewa a kusa, domin ruwan ya tashi babu rinjaye. Saboda haka H⁺ ya zo da Cl⁻, OH⁻ kuma ya zo da Na⁺. 'Yan kallo ne a wajen ɗaurin aure, amma 'yan rakiya ne a hanya. Kuma kamar a biki, su suka fi yawa a ma'auni. Giram 36.5 na asid ɗin da giram 40 na sodar suna kashe juna daidai. A cikin wannan giram 76.5, giram 18 ne kurum ya zama ruwa. Sauran giram 58.5, wato 23 na sodiyam da 35.5 na kuloraid, kallo suka yi.

Ba mu so ku karɓi wannan don malami ya faɗa. Gani ya kori ji, kuma akwai shaida biyu da za a iya gani a ɗakin gwaje-gwajenmu. Ta fari ita ce zafi. A auna mililita 50 na asid ɗin da mililita 50 na sodar, kowanne mai ƙarfin mol ɗaya a lita, a haɗa su a kofin roba, a tsoma ma'aunin zafi. Zai hau da digiri 6 zuwa 7. Sa'an nan a sake gwajin da asid na naitirik, HNO₃, da fotasiyam haidiroksaid, KOH. Sinadarai daban, gishirin da za a rubuta daban, amma zafin bai sake ba: kimanin kilojul 57 ga kowane mol na ruwan da aka yi. Da a ce sodiyam da kuloraid suna cikin aikin, da sauya su ya sauya zafin. Tun da bai sauya ba, aiki ɗaya ne ake yi a kofunan biyu.

Shaida ta biyu ƙwan tocila ne. A haɗa shi da batir da sanduna biyu na gawayin tsohon batir, a tsoma sandunan a cikin sodar. Ƙwan zai kama. A riƙa ɗiga asid. Hasken zai ragu, amma ko a daidai inda asid da alkali suka kashe juna ba zai mutu ba, domin 'yan kallo suna nan suna ɗaukar lantarki. Idan kuma aka ɗora ruwan a wuta har ya ƙafe, sai ga farin gari a gindin tasa. A lokacin ne, ba kafin nan ba, Na⁺ da Cl⁻ suka jeru suka zama ƙwayar gishiri, don ruwan da ke raba su ya tafi.

Ba kowa ne ɗan kallo ba

A nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Sun ga an soke abu biyu sau ɗaya, sai su ɗauka kowane lissafi ana soke na farko da na ƙarshe. Zama ɗan kallo ba sarauta ba ce da ake naɗa wa ayon har abada. Sai an duba wurin da ya shiga da waɗanda ya tarar.

Mu koma ga kanwa. 'Yan kasuwa idan suna Turanci sukan kira ta fotash, amma fotasiyam ɗin da ke cikinta kaɗan ne. Yawancinta sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet, gauraye da gishiri da ƙasa. To, ga abin mamaki: gishirin miya yana da sodiyam, kanwa ma tana da sodiyam, amma gishiri ba ya kashe tsamin yakuwa ko an juye mudu guda. Ke nan ba sodiyam ke aikin ba. Bambancin yana ga abokin tafiyarsa. Kuloraid ya fito daga asid mai ƙarfi, wanda ya saki H⁺ ɗinsa gaba ɗaya ba ya neman a mayar masa. Kabonet kuwa, CO₃²⁻, ya fito daga asid mai rauni, kullum yana kwaɗayin H⁺. Idan ya same shi:

CO₃²⁻ + 2H⁺ → H₂O + CO₂

CO₂ ɗin nan iska ce, ita ce kumfar da ke tasowa a tukunya. Ita ce kuma gyatsar da mai ƙwannafi ke yi bayan ya sha jiƙon kanwa, gama asid ɗin da cikin mutum ke narkar da abinci da shi, shi ne dai haidirokulorik na buret ɗinmu. Ko babu asid a kusa, kabonet yakan ƙwace H⁺ daga ruwa kansa ya bar OH⁻, shi ya sa ruwan kanwa ke da santsi. Wannan fahimta, cewa asid mai ba da H⁺ ne, kishiyarsa kuma mai karɓa, Johannes Brønsted na Denmak da Thomas Lowry na Ingila suka kawo ta a 1923, kowa a nasa wuri. Kanwa uwar gami ce da gaske, amma kabonet ne mai gamin. Sodiyam ya tsaya yana kallo.

Asid mai rauni, irin na lemun tsami ko na nono, yana da tasa doka. Mafi yawansa ba ya rabuwa a ruwa, don haka ba a tsinka shi a lissafi. Idan muka kira shi HA, sai mu rubuta HA + OH⁻ → A⁻ + H₂O. A nan A bai yi kallo ba, gama ya shigo a haɗe ya fita a rabe. Haka kuma ba a tsinka daskararren abu da bai narke ba, ba a tsinka iska, ba a tsinka ruwa. Ƙananan haruffan nan da ake sa wa a gefen kowane sinadari, aq da s da l da g, waɗanda kuke ƙyuyar rubutawa, su ne ke gaya muku wa za a tsinka. Mai aq ne kaɗai, shi ma sai in gishiri ne, ko asid mai ƙarfi, ko alkali mai ƙarfi.

Akwai ma bikin da ba ɗan kallo ko ɗaya. Idan aka ɗiga asid na salfurik, wato na batirin mota, a cikin bariyam haidiroksaid, H⁺ da OH⁻ za su yi ruwa kamar kullum, amma Ba²⁺ da SO₄²⁻ su ma sai su kama juna su kwanta a gindi, fari fat kamar alli. A yi gwajin ƙwan tocila a nan, za a ga ya dushe har ya mutu a daidai wurin da suka kashe juna, don ba sauran mai ɗaukar lantarki. Kuloraid ma da muka yaba wa natsuwa, ran da ya gamu da ayon na azurfa, Ag⁺, nan take yake zama farin gari. Da haka kuke gane shi a jarrabawar gwaji. Waɗanda kusan kullum za ku iya dogara da su a kan kallo su ne sodiyam, fotasiyam da naitiret. Sauran sai an bincika. Bayan an gama sokewa kuma, a ƙirga caji hagu da dama. In bai zo daidai ba, an soke wanda bai kamata ba.

Inda suke zuwa bayan an tashi biki

Alƙalami ne ke soke 'yan kallo a takarda. A cikin tukunya ba wanda ya soke su. Mai yin sabulu ta san haka ko ba ta san sunansu ba. OH⁻ ne ke fasa mai ya mai da shi sabulu, ko daga soda ya zo ko daga ruwan toka. Amma sabulun soda yakan daskare a yanka shi sanda-sanda, sabulun salo na toka kuwa yakan yi laushi. Ɗan rakiyar soda sodiyam ne, na toka fotasiyam, kuma shi ne ya zauna a cikin sabulun ya ba shi halinsa.

A gona maganar ta fi nauyi. Ƙasarmu ta kewayen Kano ba ta san hutu ba. Mutane sun yi yawa, gonaki sun haɗe, gero da dawa da gyaɗa da wake ake zuba mata kowace damina. Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson sun rubuta a kan wannan yanki a 1965, kuma abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda ƙasar ta jure. Amsar tana kan jaki: ya shiga birni da itace, ya komo da mangala cike da taki, wato kashin dabbobi da shara da toka. Sa'an nan takin zamani ya zo, ya kuwa ƙara amfani, ba mai musun wannan. Sai dai ya kamata mu san wane ne ɗan kallo a cikin buhun, wane ne ba shi ba.

Fotasiyam ɗin da ke cikin kamfa yawanci da kuloraid yake zuwa, KCl. Duka biyun 'yan kallo ne a sha'anin asid da alkali, ba su ƙara wa ƙasa tsami, ba su rage shi. Amoniyam, NH₄⁺, shi ne ba ɗan kallo ba, ko da yake yana da caji ɗaya na tarawa kamar sodiyam, kuma ɗalibai kan soke shi bisa kuskure. Yana cikin takin amoniyam salfet, yuriya ma idan ta narke a ƙasa amoniyam take zama. Ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa suna juya shi haka:

NH₄⁺ + 2O₂ → NO₃⁻ + 2H⁺ + H₂O

Kowane amoniyam ɗaya ya bar H⁺ biyu. Wato asid ake ɗiga wa gonar sannu a hankali, kamar daga buret. Ba a nan abin ya tsaya ba. Naitiret ɗin da shuka ba ta sha ba, ruwan sama yakan wanke shi zuwa ƙasa can inda saiwa ba ta kai. Mun kuwa ce ayon ba ya tafiya shi kaɗai. Sai ya ja ɗan rakiya, kalsiyam ko magniziyam ko fotasiyam, waɗanda su ne ƙarfin ƙasar. Jigawa mai rairayi irin tamu ta arewacin Kano ba ta da yumɓu da ruɓaɓɓen ganye da yawa da za su tare wannan, don haka ta fi saurin jin jiki. A Samaru ta Zariya akwai filayen gwaji da aka fara tun 1950, ana zuba wa waɗansu takin zamani kaɗai, waɗansu kashin shanu, waɗansu duka biyu. Filayen da suka sha amoniyam salfet shekara da shekaru ba tare da kashin shanu ba, ƙasarsu ta yi tsami. Waɗanda aka haɗa musu da takin gida sun fi riƙe kansu. Yuriya ba ta kai amoniyam salfet sa tsami ba, amma hanyarsu ɗaya.

Ga inda toka ke shigowa. Kabonet ɗinta yana kashe H⁺ a gona kamar yadda na kanwa ke yi a miya. Fotasiyam da kalsiyam da suka rako shi kuwa, waɗanda za mu soke a allo, su ne ke zama a ƙasa gero ya ci. A ganinmu manomin da ya sami buhun kamfa ya daina kai toka da kashin awaki gona, ya yi ciniki marar riba.

Amma a yi hattara da wani abu guda. Mun sha jin manoma suna cewa za su gauraya toka da takin zamani a tasa ɗaya domin ya yi auki. Kada a yi. Alkalin toka yana ƙwace H⁺ daga amoniyam:

NH₄⁺ + OH⁻ → NH₃ + H₂O

NH₃ iska ce, amoniya, mai warin nan da ke hawa ka kamar na tsohon fitsari. Wanda ya ji wannan wari yana tashi daga tasarsa, kuɗin takinsa ne ke bin iska. Toka da takin gida a kai su tun da rani a lokacin sharar gona. Takin zamani ya biyo baya, bayan shuka ta tsiro, a tona a binne shi a ƙasa mai laima.

Masu noman rani a Watari ta Bagwai da Tomas ta wajen Ɗambatta su ma suna da rabo a darasin. Kowane ruwan ban ruwa yana ɗauke da ayon kaɗan. Rana tana ɗauke ruwan, ba ta ɗauke ayon. Idan fili ba shi da magudana, abin da ya faru a tasar gwajinmu shi zai faru a kan kunya: farin ɓawo a fuskar ƙasa. Sodiyam idan ya taru yakan sa yumɓu ya toshe, ruwa ya kasa shiga. Kanwar kanta ai haka aka same ta. A ƙasar Manga da gefen tafkin Cadi, ruwa ne ke taruwa a kwari ya ƙafe, ya bar abin da ya ɗauko, fatake su kwaso su kawo kasuwannin Kano.

Jikin mutum ma tukunya ce. Wanda ya sha kanwa don ƙwannafi, kabonet ya yi aikinsa ya fita da gyatsa, sodiyam kuwa ya wuce cikin jini. Ƙoda ba ta tambaya ko daga gishiri ya zo, ko daga kanwa, ko daga dunƙulen miya na kanti. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki, yawansa kuma yana taimakon hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babba kada ya kai giram 2 na sodiyam a rana, wato kimanin giram 5 na gishiri, abin da bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan ciwon zuciya a wurin mata masu jego, suka zargi kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, bai tabbatar da cewa al'adun nan su ne sanadi ba. Ya fi nuna rama, da rashin abin hannu, da hawan jini na lokacin ciki. Saboda haka ba za mu ɗora wa kunun kanwa laifin da ba a tabbatar ba. Abin da lissafinmu ya nuna kurum shi ne sodiyam ɗin yana nan bai ɓace ba. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki idan ta kwanta, ko aka taɓa ce mata tana da hawan jini, a janye mata kanwa a kai ta asibiti, kada a ƙara mata wani kofi.

Aikin hutu

Wannan ba ya bukatar buret, kuma kada kowa ya taɓa soda ko ruwan batir a gida. A jiƙa zoɓo, a tace, a sirka shi da ruwa har ya yi ja mai haske, a raba a kofunan gilashi uku. A zuba ruwan gishiri a na fari, ruwan lemun tsami a na biyu, tataccen ruwan kanwa a na uku. Na fari ba zai sake ba. Na biyu zai ƙara ja. Na uku zai juya ya yi duhu, ya nufi kore. Ku rubuta dalilin da ya sa na fari da na uku suka bambanta alhali duka biyun suna da sodiyam. Sa'an nan a riƙa ɗiga lemun tsami a kofi na uku, ana lura da kumfa, har jan ya komo. A juye shi a faranti, a ajiye a rana inda kaji ba za su kai ba, har ya bushe. 'Yan aji biyu su faɗi sunan ayon ɗin da ya shiga kofin ya kuma fito kan farantin ba tare da ya sake ba. 'Yan aji uku su rubuta lissafin ayon na abin da ya faru, suna tunawa cewa asid ɗin lemun tsami mai rauni ne. Za mu karɓi amsoshin a makon farko na sabon zango, tare da abin da aka kankaro daga farantin a ƙulle cikin takarda.